Ramlatu Jumare da Ƙofofi Huɗu na Baba Mijinyawa

Kafin ƙarfe bakwai na safe Ramlatu Jumare ta riga ta buɗe shagonta da ke Asata a birnin Enugu, tsakanin wani tela Bazazzagi da Mama Nkechi mai sayar da okpa, alalar gurjiyar nan da mutanen garin ke karya kumallo da ita. Ba ta taɓa kwamfuta sai ta yi shara, ta yayyafa ruwa a ƙofa, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin aiki. A kan ƙyallen nan take kwance komai, domin noti komai ƙanƙantarsa in ya faɗi a kan fari ba ya ɓata. Tana gaisawa da Mama Nkechi da harshen Ibo, ta juya ta gaida tela da Hausa har da tambayar iyali, mai okada kuma in ya ajiye babur ya tare mata ƙofa ta wanke shi da Turancin buroka. Daga nan sai ta ja kujera, ta gyara hijabi, ta sa tabarau, ta ɗauki abin da ta bari jiya.

Bana shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan zama. Ba a taɓa kiranta taro an miƙa mata lambar yabo ba, kuma in aka kira ta ma ina jin cewa za ta yi tana da aiki. To amma yabon gwani ya zama dole, gara kuma a yi shi mai shi yana da kunnen ji. A Enugu aka haife ta. Mahaifinta, marigayi Malam Jumare, mahauci ne da ya yi rayuwarsa tsakanin kara da mayanka, ita ce kuma ke kai masa abincin rana tun tana 'yar mitsitsiya. Da ta gama sakandare aka sa ta koyon buga takarda a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Ogbete. Ba a yi wata shida ba mai shagon ya lura cewa yarinyar nan ta fi son bayan kwamfuta da gabanta, kullum tana leƙen inda wayoyi ke shiga. Sai ya miƙa mata sukundireba ya ce ta buɗe ta gani da idonta.

Gyara iri-iri take yi, amma abin da ya kai sunanta har Onitsha da Fatakwal shi ne zaɓen katin hoto, wanda masu sana'a ke kira girafik. Wani falle ne da ake cusawa a cikin akwatin kwamfuta, shi ke ɗauko abin da kwamfuta ke yi ya kai shi allo don ido ya gani. In allo ɗaya ne, yawanci kwamfuta na iya ɗawainiyar kanta. Ranar da mutum ya ce yana son allo biyu, ko uku, ko huɗu su yi aiki da kwamfuta guda, kowanne da abin da yake nunawa, ranar ce ake neman Ramlatu. Tana kuwa da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi: ba ta miƙa wa kowa kati a shago. Sai ta hau keke napep ta je ta ga ɗakin da za a yi aikin. Ta juya bayan kowane allo ta duba irin bakin da yake da shi, ta tambayi wutar da ake amfani da ita, ta shafa tebur da yatsa ta ga yawan ƙurar wurin. A ƙarshe ta zauna ta tambayi mai shi abin da yake so ya riƙa gani.

Malam Aslam, shugaban wata Islamiyya da ke unguwar, har yau yana ba da labarin ranar da ya je neman kati don ya ƙara allo na biyu a ofishinsa. Ta bi shi, ta durƙusa ta leƙa bayan kwamfutar, ta miƙe tana kaɗe hijabi.

"Malam, kwamfutarka da bakinta biyu ta zo. Waya kawai za ka nema."

"Haba Malama Ramlatu, ciniki ya zo har gida ki kore shi?"

"In na ba ka abin da ba ka buƙata, da wane ido zan kalle ka ranar da na kawo 'ya'yana karatu?"

Su kuwa mutanen wani ofishin direbobin tanka a Fatakwal ta waya suka nemi ta faɗa musu sunan katin da za su saya. Ta ce sai sun juya mata bayan allunansu sun ɗauko hoto. Suka yi ta dariya, wai ana maganar gaba tana maganar baya. Da hoton ya zo aka tarar allo uku ne da bakuna iri uku, wanda da sun sayi katin da suka yi niyya da guda ɗaya kaɗai zai kama.

Ke ce ba ki yarda da ji ba sai kin gani, 'yar Jumare. Ke ce kika mai da tambaya rabin aiki, a garin da kowa ke son a sallame shi a tsaye.

Amma aikin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau shi ne na kara, kuma ba a iya ba da shi sai an fara da Baba Mijinyawa. Shekara talatin da huɗu tsohon nan yana tsaron ƙofar karar shanu da rana. Aikinsa ba buɗewa da rufewa ba ne, wannan akwai majiya ƙarfi masu yi. Aikinsa sani ne. Kowane dillali yana da shaidar fenti da yake shafa wa shanunsa, kowanne kuma da mutanen da ke ja masa, Baba kuwa ya san fenti, ya san mai ja, ya san ranar da aka sauke kowane sa daga tirela. Lokacin da kara ke da ƙofa ɗaya, zama yake yi a bakinta, babu dabbar da ke fita a hannun da ba nata ba. Da kasuwa ta bunƙasa aka huda ƙofofi huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, ya koma zagaye da sandarsa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo. A cikin wata guda sau biyu sa yana fita ba a san wanda ya ja shi ba.

Shugaban ƙungiyar dillalai, Alhaji Munzali Yelwa, ba mugun mutum ba ne, mutum ne dai mai son a yi abu da girma. Ya sa aka kafa kyamara a kowace ƙofa, aka kawo talabijin guda aka rataye a ofis, aka raba fuskarta gida huɗu. Aka ce Baba ya zauna ya riƙa kallo yana magana da masu ƙofa ta oba-oba, rediyon hannun nan irin na 'yan sanda. Aka kuma gaya masa gaskiya a gaban dattawa: ranar Litinin ta ƙarshen wata za a zauna, in an ga ba zai iya ba za a sallame shi cikin mutunci, a sama masa wuri a motar da ke komawa arewa. Ɗakin da yake kwana a bayan ofis na mai tsaron ƙofa ne, ranar da aiki ya tafi ɗaki ma ya tafi. Matarsa Kulu a Enugu aka binne ta, Allah bai bar musu ɗa ba, ƙauyen da ake cewa nasa kuwa waɗanda suka san shi a can duk sun riga shi.

Gyaran wata waya ne ya kai Ramlatu ofishin. Ta tarar da tsohon a tsaye, ya dogara da sanda, hancinsa ya kusa taɓa talabijin. Shi ne mutumin da ke karɓar mata kwanon abinci yana raka ta har gaban mahaifinta don kada sa ya tunkuye ta. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, me kake gani a nan?"

"Kiyashi nake gani suna jan kiyashi, 'yar Jumare."

"In aka ba kowace ƙofa allonta, sa ya fito kamar girman tafin hannunka, za ka gane shi?"

"In na ga tozo na ga fenti, an gama. Ko tafiyar mai ja kawai na gani na san gidan da ya fito."

Abin ya tsaya mata a rai. Ba ta koma shago ba sai da ta samu Alhaji Munzali ta yi masa bayani: allo huɗu, kwamfutar ofis guda, da kati ɗaya da zai ɗauke su duka. Alhaji ya ce shi ma ba son rabuwa da tsohon yake ba, a gwada. Ta roƙe shi ya bar mata zaɓen katin. Ya ce to, irin to ɗin da manya ke cewa hankalinsu na wani wuri.

Bayan kwana uku ya je Onitsha ganin wani amininsa mai albasa a kasuwar Ose Okwodu, ya biya ta layin masu kayan kwamfuta, ya dawo da kwali a hamata. Ya aika aka kira Ramlatu, ya tara dattawa, ya buɗe. Kati ne tokumbo, na hannu daga ƙasar waje, dogo kamar damtsen mutum, da fanka uku a jere da fitilu a gefe.

"Ɗaga ki ji," in ji shi. "Duk na shagon sai da na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kama ƙafarsa. Mai shagon ma cewa ya yi, 'Alhaji, dis one na oga patapata,' wato shi ne ubansu duka."

Dattawa suka riƙa karɓa suna jinjina shi a hannu suna gyaɗa kai. Kada kowa ya yi musu dariya. Mutanen nan tun suna yara rago ake miƙa musu su ɗaga, sa kuwa a latsa bayansa a dubi tozo, kuma duk tsawon rayuwarsu abin da ya fi nauyi shi ya fi daraja, ba su taɓa yin da-na-sani ba. Da wannan ma'aunin Alhaji ya shiga shagon kwamfuta, ya kuwa fito da bijimi.

Ramlatu ta karɓa, ta yaba kyansa, ta juya shi ta ƙura wa gindinsa ido, ta karanta lambar da ke jiki ta duba a wayarta. Ta buɗe akwatin kwamfutar ofis, kati ya ƙi shiga, ya yi tsawo. Alhaji ya ce a bar murfin a buɗe. Ta bari. Akwatin da ke raba wuta a ciki ya yi masa kaɗan, ta ɗauko babba daga jakarta ta jona. Aka kunna. Fankoki uku suka ɗauki kuka, fitilu suka kama ja da shuɗi, dattawa suka ce masha Allahu. Allo uku suka kawo hoto, na huɗu ya tsaya baƙi wuluk. Ba a yi minti biyu ba ƙaramar inbatar da ke ba ofis wuta ta yi ƙara ta ɗauke, fankar sama ma ta tsaya, kowa ya fara fifita da hula.

Da wata ce da a nan za ta ce ai na faɗa. Ramlatu ta yi ta kwance wayoyinta har aka kira azahar, dattawa suka fita alwala, ya rage daga ita sai Alhaji.

"Alhaji, Babana in zai sayi sa, bayan ya gama latsa shi, me yake yi a ƙarshe?"

"Ya buɗe bakinsa ya dubi haƙori."

"To ni ma bakin na duba. Naka bakuna huɗu gare shi, amma uku ne ke aiki a lokaci guda, haka aka ƙera shi. Ga cin wuta. Fankokin nan kuwa kafin wata biyu ƙurar kara da gashin dabbobi sun toshe su. Kati ne mai kyau, amma na masu haɗa fim ne."

Ta zaro wani ƙunshi daga jakarta ta warware. Ɗan siririn kati ne, babu fanka, babu fitila, sai ƙananan bakuna huɗu a jere. Alhaji ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan biskit ɗin ne zai riƙe min kara?"

"Ba gudu za mu sa shi ba, Alhaji. Tsayuwa zai yi daga safe har yamma, kullum, ba ya neman wuta mai yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Bijimin kuwa bai yi kwantai ba. Ta san wani mai haɗa bidiyon biki a Ogbete da ya daɗe yana neman irinsa, aka yi musaya ya ba da manyan alluna biyu, suka maye gurbin ƙanana biyu daga cikin huɗun. Da dattawa suka tambaya, ta ce katin Alhaji ne ya kawo musu allunan, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Alhamis da safe aka kunna. Ta jera alluna huɗu a kan dogon tebur daga hagu zuwa dama, ta liƙa wa kowanne takarda mai lamba, ɗaya zuwa huɗu, ta karanta wa Baba wace lamba ce wace ƙofa. Hoto ya fito tangaram a dukkansu. Tsohon ya zauna yana kallo yana murmushi, yana kiran shanu da sunayen masu su, har da faɗin wanda bai ci ciyawa ba tun jiya. Ramlatu ta ji daɗi ƙwarai, ta fara haɗa kayan aikinta.

Da hantsi ya dubi allon da ke damansa, fuskarsa ta sauya, ya fizgi oba-oba.

"Ku rufe ƙofar kudu. Jan san nan ba a hannun mai shi yake ba."

Aka rufe kudu da sauri, babu komai a wurin sai wata tunkiya. Jan sa ta ƙofar arewa ya fita. Sai bayan la'asar aka samo shi a wata mayanka a wajen gari, an kusa sa masa wuƙa. An samo sa, amma magana ta riga ta fita, kuma ta fi ta da muni. Da ana cewa ido ne da gwiwa, yanzu aka koma raɗa cewa tsufa ya taɓa kai, tunda mutum ya daina bambanta kudu da arewa. Baba ya ji su. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ramlatu ta jira ofis ya yi sauƙi, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Baba, me ya sa ka ce kudu?"

"A damana na gan shi."

"Ai lamba huɗu ce, na ce maka arewa ce."

"Kin faɗa, na ji. Amma lokacin da na ga san ban ga takarda ba. Ni tun da aka haife ni in na fuskanci gabas damana kudu ne, haguna arewa. Teburin nan kuwa gabas yake kallo."

Kunya ta kama ta. Ita da ta yi suna wajen tambaya, ta tambayi wuta, ta tambayi ƙura, ta tambayi abin da tsohon ke son gani, ba ta tambayi yadda kara take zaune a cikin kansa ba. Ta jera masa ƙofofi yadda ake jera su a makaranta, shi kuwa shekara talatin da huɗu da jikinsa yake sanin inda kowacce take.

Washegari bayan an sauko Juma'a dattawa suna zaune a inuwar ofis, ta zo ta gaishe su ta tsaya. Ta ce kuskuren jiya nata ne, ba na Baba ba, ta bayyana musu dalla-dalla. Ba ƙaramin abu ba ne mai sana'a ta tsaya gaban mutanen da ke kawo mata aiki ta ce ita ta ɓata, ga shi cikinsu akwai waɗanda tun farko suke ganin wannan ba aikin mace ba ne. Wani ya ce tausayi ne kawai ke sa ta rufa wa tsoho asiri. Kowa ya dubi Alhaji Munzali. Ya daɗe yana kallon ta, wataƙila yana tuna ranar da ta jira aka fita alwala.

"Litinin muka ce," in ji shi. "Yau Juma'a. A bar ta ta yi aikinta."

Ta rufe shagonta Asabar da Lahadi, abin da tela ya ce bai taɓa gani ba. Ta sa aka fitar da dogon teburin. Ta kafa kowane allo a bangon da ke fuskantar ƙofarsa, na gabas a gabas, na kudu a kudu, na arewa a arewa, na yamma a yamma. Ta bi bango da dogayen wayoyi tana ɗaure su da kanta, ta gwada kowacce sau biyu don kada nisa ya raunana hoto. Ta yage takardun lamba ta zuba a shara. Saura matsala ɗaya, allon yamma ya koma bayan Baba, wuyansa kuma ba na waiwaye ba ne. Ta tafi Ogbete wurin wani mai aski da ta taɓa gyara wa kwamfuta, ta roƙi tsohuwar kujerarsa mai juyawa, aka ɗoro ta a keke napep, aka dasa ta a tsakiyar ofis.

Ranar Litinin dattawa suka cika benci. Baba ya yi bismilla ya hau kujerar aski, ya tura ƙasa da sandarsa, ta juya da shi, har wasu suka yi dariya. Daga nan dariya ta ɗauke. Tun daga safe har rana ta take yana juyawa yana magana a hankali: arewa a bar wannan ya wuce, na dillali Falalu ne kuma mutuminsa ke ja, gabas a tambayi mai baƙar riga takardarsa, kudu a buɗe duka, tirela na zuwa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ramlatu na tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

Wajen sha biyu ya juya baya gaba ɗaya, ya matso da fuskarsa kaɗan.

"Yamma, ku tare farin san nan. Fentin Falalu ne a jikinsa, amma san Alhaji Munzali ne, wanda aka sauke ranar Laraba, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Fentin ma bai bushe ba."

Alhaji Munzali ya sunkuyar da kai yana dariya.

"Ni na sa aka shafa, Baba. A ƙofar da ke bayanka na sa a bi da shi." Ya juya ga dattawa. "Akwai mai sauran magana?"

Babu wanda ya yi. Aka yi fatiha, aka shafa. Ana cikin haka wani direban tirela mai suna Awwalu ya yi sallama a ƙofa, bai san abin da ake ciki ba.

"Baba, mun gama wanke mota, bayan la'asar za mu ɗauki hanya. In shiga ɗakin in ɗauko kayan?"

A nan ne Ramlatu ta ji abin da babu wanda ya sani. Tun ranar Alhamis ɗin nan tsohon ya ɗaure kayansa a buhu biyu, ya kama wuri a motar Awwalu, don kada a ce sai da aka kore shi. Kwana huɗu yana kwana a kan tabarma kusa da ɗaurarrun kaya, da safe ya fito ya gaida kowa kamar ba komai.

Baba bai ɗauke idonsa daga allon kudu ba.

"Ka gaida mutanen arewa, Awwalu. Allah ya kiyaye hanya. Ni ina bakin aiki."

Ramlatu ta zagaya bayan allon yamma kamar za ta ƙara ɗaure wata waya. Wayar lafiyarta ƙalau. Kuka ta yi a can, na farin ciki, ta goge fuska da gefen hijabi, sannan ta fito ta tattara kayan aikinta ta koma Asata, domin akwai mai jiran kwamfutarsa tun ranar Asabar.

Mun gode, Ramlatu. Ke ce kika zaɓi kati daidai ɗakin, kika kuma gyara ɗaki daidai mutumin. Ke ce kika rufa asirin babba lokacin da ya yi kuskure, kika tona naki da bakinki lokacin da rufe shi zai kori tsoho daga ɗakinsa. Masu sana'a na zango, daga Enugu har Onitsha da Fatakwal, maza da mata, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun je nesa ba: ku je ku ga wurin, ku tambayi mai shi, in kun yi kuskure ku faɗa tun ana iya gyarawa. Allah ya ƙara wa idonki haske, 'yar Jumare, ya albarkaci hannunki, ya kuma ba ki mai tsaya miki ranar da taki gwiwar ta gaji.